Sabon fasali ko jiran na gaba: ra'ayina ga mai shirin sayen laftof a Katsina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ke yawan zuwa mini daga ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Hassan Usman, da kuma matasanmu da suke cin abinci da zanen fosta da haɗa bidiyon biki: idan kamfani ya sake wa kwamfutar tafi-da-gidanka fasali gaba ɗaya, mutum ya saya nan take ne, ko ya dakata sai an fito da wadda aka ƙara wa ƙarfi? Amsata ita ce, wanda yake zaune a Katsina ko Daura bai kamata ya shiga sahun farko na masu sayen sabon fasali ba, kuma bai kamata ya zauna jiran abin da ba a sa masa rana ba.

Idan kamfani ya ƙara wa laftof ƙarfi, jikin nan da aka sani ne ake bari, a sauya firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfutar, kawai, don haka duk wata matsalar jikin an riga an gano ta. Idan kuwa fasali aka sake, to madannai sababbi ne, maƙalar murfi sabuwa ce, hanyar fitar da zafi ma sabuwa ce, kuma babu gwajin da za a yi a masana'anta da zai kai gwajin miliyoyin mutane masu amfani da ita kullum. Manominmu ya san wannan, shi ya sa idan aka kawo masa sabon irin gero ba ya shuke gonarsa duka da shi a daminar farko.

Abin da ya faru da MacBook Pro ya isa hujja. A watan Oktoba na 2016 kamfanin Apple ya sake mata fasali, ya sirantar da ita, ya cire ramin filas irin wanda muka saba da shi, ya cire na HDMI da na katin kyamara, ya bar USB-C da ramin iyafis kawai. Ya kuma sa mata wasu madannai marasa zurfi, waɗanda ya fara gwadawa a ƙaramar MacBook ta 2015. Ba a daɗe ba koke ya yi yawa: ɗan ƙwayar ƙura idan ya shige ƙarƙashin harafi, sai harafin ya ƙi fitowa ko ya fito sau biyu, kuma gyaran yakan kai ga sauya saman kwamfutar baki ɗaya. A 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, a ƙarshen 2019 ya fara komawa tsohon salon madannai, a 2022 kuma ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Da ya sake fasalin a Oktoban 2021, sai ga ramin HDMI da na katin kyamara da cajar maganaɗisu sun dawo.

To, ƙurar ofis a Amurka ke nan ta yi wannan ɓarna. Ina ga ƙurar hunturunmu, wadda za ka goge tebur da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa? Na sha zama wurin masu gyara ina kallon yadda suke ɓalle madannan tsohuwar HP ko Lenovo, su karkaɗe da buroshi, su hura iska, su mayar, mai ita ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya tafi. Sabon fasali ba haka yake ba, domin kayan gyaransa ba su iso Kano ba tukuna, balle nan. Apple ba shi da shagonsa na kansa ko ɗaya a Afirka, sai dillalan da ya amince da su a manyan birane irin su Legas. Yawancin kwamfutocinmu kuma ta hannun 'yan kasuwa suke shigowa, ba da takardar garantin da za a iya bi ba. Ba'amurke idan tasa ta lalace zai mayar a gyara masa. Ɗalibinmu da mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya saya masa, shi zai rungumi asarar shi kaɗai. Wannan ne ya fi damuna a cikin maganar duka.

Ko da babu lalacewa, zubin farko yakan zo da ƙarin kuɗi da rowar kaya. MacBook Air mai firosesar M2 da aka sake wa fasali a 2022 ta fito a dala 1,199, alhali mai M1 tana dala 999, kuma mafi ƙaramarta mai ma'ajiyar 256GB ta fi ta baya jinkirin karanta bayanai da rubuta su. A watan Maris na 2025 wannan jikin dai ya fito da M4 da RAM (ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 16GB a dala 999. Ita kuwa M1 ta Nuwamban 2020, wadda har yau masu ita suke yabawa saboda daɗewar batirinta, a cikin tsohon jiki aka saka ta. Ban ce kowane sabon fasali yana zuwa da aibi ba, domin na 2021 ya yi kyau tun farkonsa, sai dai ba a tabbatar da hakan ba sai da ya shekara a hannun mutane.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba sa lissafawa. Su idan suka jira, dalarsu tana nan a dala. Mu da naira muke tari. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a hukumance. A farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye kuɗinsa a wancan lokaci yana jiran sabuwar fita, ya wayi gari kuɗin ba su isa sayen tsohuwar ba. Kuma ko farashi ya sauka a can, ɗan kasuwarmu da ya saro da tsada ba zai karya nasa ba sai kayan hannunsa sun ƙare. A ƙara da aikin da mutum ke rasawa: mai haɗa bidiyon da kwamfutarsa ta mutu ana tsakiyar lokacin bukukuwa, kowane mako na jira ciniki ne yake miƙa wa wani. Irin wannan mutum ya saya yau, amma ya sayi fasalin da ya kwana biyu a kasuwa, wanda masu gyara suka san cikinsa.

Jiran da nake goyon baya shi ne gajere, na wanda kwamfutarsa take aiki kuma kamfani ya riga ya sanar da ranar fitar sabuwa. A Oktoban 2024 Apple ya ɗaga RAM ɗin MacBook Air daga 8GB zuwa 16GB ba tare da ƙarin ko sisi ba, kuma a waɗannan kwamfutocin ba a iya ƙara RAM bayan an saya, domin a manne yake da firosesa. Abin da ka saya da shi, da shi za ka zauna har ka rabu da ita. Saboda haka idan kuɗinka na zaɓi ɗaya ne, tsakanin sabon jiki mai 8GB da na bara mai 16GB, ni na bara zan ce ka ɗauka, ba tare da wani dogon tunani ba. A lura kuma da zafi: Air ba ta da fanka, kamfanin da kansa ya ce a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna kaiwa 40, don haka mai aikin bidiyo mai nauyi ya nemi mai fanka.

Masu sayen ta-hannu mai Windows, waɗanda su ne mafi yawanmu, su ma akwai iyakar komawa baya. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Windows 11 a hukumance tana buƙatar firosesa ta zubi na takwas ko sama da haka idan ta Intel ce. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka sa mai shago ya kunna ta a gabanka, ka duba lambar firosesar da adadin RAM da idonka, ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, sannan ka zare caja ka zauna da ita na ɗan lokaci ka ga yadda batirin yake sauka.