Maraya Ba Cikinsa Kaɗai Ke Jin Yunwa Ba

Matasan Kaduna, 'yan uwana, ku ba ni aron kunnuwanku.

A layinmu a Rigasa akwai wani yaro da bai wuce shekara takwas ba. Kawunsa ne ya ɗauko shi daga wani ƙauyen Birnin Gwari bayan 'yan bindiga sun kashe masa uwa da uba. Wata Asabar samari suka biyo layin a kan babura suna rakiyar amarya. Yaron nan ya saki robar ruwan da ke hannunsa, ya shige ƙarƙashin bencin mai shayi, jikinsa sai ɓari yake. 'Yan majalisa suka bushe da dariya. Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Shi fa a kan babura ya ga mutuwa ta shigo garinsu.

Irinsa suna da yawa, daga Giwa, Chikun da Kajuru, har da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno. Muna kai musu shinkafa da kayan Sallah, Allah ya karɓa. Amma wa ke zama da su? Idan yaro ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yana firgita cikin barci, ko ya yi shiru kamar ruwa ya cinye shi, sai mu ce taurin kai ne, a ɗauko bulala. Ciwo ne a zuci, duka kuwa ƙara shi yake.

Ku daina haska musu kyamarar waya kuna cewa "faɗa mana yadda aka kashe babanka" don ku ɗora a Facebook. Fami ne wannan. Allah ya ce a Suratud Duha kada a wulaƙanta maraya, kuma Annabi (SAW) da kansa yana ɗan shekara shida ya rasa mahaifiyarsa.

Kira shi da sunansa, ba "ɗan gudun hijira" ba. Sa shi a ƙwallon yamma. In ka ce gobe za ka zo, to ka zo, domin ya riga ya ga mutane sun fita ba su dawo ba. In ya fara magana, saurara, kar ka yi saurin rufe masa baki da "yi haƙuri". In watanni suka shuɗe firgicin bai lafa ba, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, babu abin kunya a ciki.

Yaron layinmu yanzu shi ke tsare mana gola. Har yau in babur ya wuce sai ya waiwaya.