Ranar da na naɗa wa Baba sarautar masu zuga

Tun da aka ga ina yawan duba ƙamus a waya, mutanen layinmu a Kubwa suka ɗora mini sakataren unguwa. Ana cikin haka kuɗin gyaran taransifoma suka yi ɓatan dabo. Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke kusa da masallaci, ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda suka maƙale. Aka ce in karanta masa godiya da Turanci a taro, tunda rabin maƙwabta ba sa jin Hausa.

Kalmar da nake nema ita ce "investigator", wato mai bincike. Gaɓa biyar gare ta. Ni kuwa na haɗiye "ve" ɗin tsakiya, ta koma gaɓa huɗu, na miƙe na gode wa Baba a matsayinsa na babban "instigator" na unguwa. Wannan shi ne mai zuga, wanda ke ingiza mai kantu ruwa ya koma gefe yana kallo.

Wuri ya yi tsit. Baba ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, maimaita."

"Baba, ai yabonku nake yi."

Da na yi shiru a nan, da an wuce wurin. Sai na ce bari in gyara da "firebrand", don na ji wuta a ciki na ɗauka jarumi ne. Asalinta bakin wuta ne, itacen da ake zarowa daga murhu, kuma ana faɗinta ga mai zafin kai da ke kunna jama'a da kalamansa. Baba kuwa ko tsawata wa jikoki ba ya yi da ƙarfi.

Daren nan na zauna na rarrabe ire-iren waɗannan kalmomi. "Troublemaker" ita ce uwar garke, duk mai neman rigima ya shiga, daga ɗan firamare har mai furfura. "Agitator" sai a harkar siyasa ko yajin aiki, mai tayar da jama'a kan wata buƙata; sunan sandar da ke juya kaya a cikin wasu injinan wanki ma ke nan. "Stirrer" ta mutanen Ingila ce, muciya ce kawai, mai juya magana tsakanin mutum biyu don ya sha kallo. "Provocateur" aro ce daga Faransanci, wanda ke tsokanarka da gangan har ka yi abin da za a kama ka da shi. Ita wannan har yau harshena bai yarda da ita ba.

Washegari bayan sallar asuba na je na durƙusa na ba Baba haƙuri. Ya ce ya yafe, amma in kawo takardar taro ya duba kafin in sake karantawa. Ya maido mini ita da jan biro shafi biyu. Yaran layi kuma yanzu ko kati aka aike ni saya, sai in ji daga bayan kanti: "Sannu da zuwa, Instigeta!"