Garkuwar tsiro ba kyauta ba ce

Wani labari ya ce tsiro na haɗa sinadaran kare kansa daga ƙwayoyin cuta, amma ya tsallake wani abu: wasu daga cikinsu ba kullum yake haɗa su ba. Sai ganye ya ji alamar bakteriya ko fangas, sannan sinadarin salisilik, mai kunna garkuwar tsiro, ya ƙaru, saƙo ya bazu har ganyayen da cutar ba ta taɓa ba. Dubi jajayen ɗigon nan a ganyen dawa mai cuta, sinadaran kare kanta ne ta tara daidai wurin. Tsiron da garkuwarsa ke kunne dare da rana kuwa tsumburewa yake yi, ƙarfin girma ya tafi can. To masu son ƙara wa iri garkuwa, yaya za su yi da yabanya?