Mun ga irin wannan a 2021

Malam, ka rubuta cewa sai an ɗaure wa kafafen sada zumunta linzami saboda labaran ƙarya. Labaran ƙarya kam akwai su, ko jiya sai da ƙanwar mahaifiyata ta turo min wani saƙon murya wai kar a sha ruwan leda. To amma wa zai riƙe linzamin?

A watan Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa. Abin dariya, a Twitter ɗin aka sanar da dakatarwar. Wata bakwai ana wannan hali, sai Janairun 2022 aka buɗe. Me aka tsinta? Yaran unguwarmu kowa ya sauke VPN, manhajar da ake zagaye toshewar da ita, wayar tana zafi kamar gawayi, batir na zuba, amma ana ciki. Masu sayar da turare da atamfa ta nan su suka sha wuya. Daga baya kotun ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce rufewar ta saɓa wa doka.

Wanda ya yi ƙazafi a kai shi kotu da sunansa, a bar mana layinmu.