Kashe transisto ba taka birki ba ne

Masu koyon haɗa lantarki da yawa suna ɗauka cewa da zarar an kashe transiston da ke ba ƙaramin moton DC wuta, moton zai tsaya cak. Ba haka ba ne. Wuta kawai aka yanke, moton zai ci gaba da juyawa har sai gogayya ta cinye ƙarfinsa.

Diyod ɗin da ake gittawa a kan moton, wato ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, shi ma ba birki ba ne. Aikinsa kare transisto daga tsallen wutar da koyil, wato naɗin wayar cikin moton, ke yi a lokacin yankewa, cikin ƙiftawar ido kuma ya gama. Bayan nan moton ya koma janareta, wutar da yake samarwa tana fuskar da diyod ba ya barin ta wuce.

Birki na gaske shi ne a haɗe wayoyin moton biyu bayan an yanke batir, kai tsaye ko ta resista, wato abin da ke rage gudun wuta. A guntun L298N, wato guntun sarrafa moto mai transisto sama da ƙasa a kowane gefen moton, a bar ƙafar kunnawa ENA a kunne, a sa ƙafafun umarni IN1 da IN2 duk a ƙasa, wato bolt 0.

Sai dai a lissafa. Moton bolt 12 mai koyil om 2 zai iya turo kusan amfiya 6 a farkon birki, alhali L298N amfiya 2 yake ɗauka a kowane layi. Resistar om 4 a jere da moton za ta rage shi zuwa amfiya 2, amma tsayawar za ta ɗan yi jinkiri.

Kada a juya wuta baya don a tsayar da shi: amfiyar kan kusan ninkawa. Kuma in transiston sama da na ƙasa na gefe ɗaya suka kunnu tare, suna iya ƙonewa nan take.