Likitan damuwa a Damagaram: ido da ido ko ta waya?

Wata huɗu bayan ƙanwata ta haifi ɗanta na biyu, barci ya ƙaurace mata, ta rage cin abinci, ta kan zauna a bakin gado ta zura wa bango ido jaririn yana kuka a gefenta kamar ba nata ba. Inna ta ce iska ce ta shafe ta a wurin wankan jego, aka yi rubutu, aka yi tofi, aka turara ɗakin, kuma ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin addu'a ita ce abin da muka gada kuma ta kan sanyaya zuciya. Amma ranar da ta ce mini, "Yaya, ni fa ina jin da ba na nan da kowa ya huta," sai na san cewa lokaci ya yi da za a nemi wanda ya karanci wannan ciwo. Da izininta nake wannan rubutu, saboda tun da maganar ta fita mutane da dama suka tambaye ni a ɓoye ko gara su nemi masani ta intanet ko su je asibiti.

Abu na farko da ya rikita mu shi ne rashin sanin wa ake nema. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya yi karatun likitanci ya ƙware a wannan fanni, shi ne mai ikon rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan adam, wanda aikinsa zama da kai ne, ya saurare ka, ya koya maka yadda za ka gane tunanin da ke ja da kai ƙasa. Akwai kuma ma'aikatan jinya da aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a jihohi irin tamu su ne suka fi ɗaukar nauyin aikin. Tun shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri domin ƙasashen da ƙwararru suka yi wa ƙaranci, wanda manufarsa ita ce ma'aikacin lafiya na unguwa ya iya gane ciwon damuwa ya fara kula da shi. Saboda haka ƙofar farko ita ce likitar unguwa, a yi wa majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba, shi kuma ya tura mutum babban asibitin ƙasa na Damagaram in abin ya fi ƙarfinsa. Wanda ya ce sai Yamai, to ya sani kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota, ban da masauki da abinci. Shi ya sa wasu iyalai suka gwammace su gangara Kano, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, tun da ta fi kusa kuma harshen ɗaya ne.

Sai dai abin da ke hana mutane zuwa ya wuce nisa da kuɗi. Damagaram babban gari ne a ƙidaya, amma a wajen sanin juna ƙarami ne ƙwarai. Daga Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari, da wuya ka zauna a bencin jiran likita ba ka haɗu da surukar maƙwabcinka ko ɗan kabu-kabun unguwarku ba, kuma kafin ka koma gida labari ya riga ka isa cewa ƴar gidan wane ta taɓu. Kalmar hauka a wurinmu ba ta tsayawa kan mai ciwon, ta kan bi ƙannenta har ranar da za a zo neman aurensu. Wannan tsoro ne ya sa ƙanwata ta roƙe ni mu fara gwada waya, kuma ban ga laifinta ba.

Zan faɗi gaskiyar abin da ke cikin zama ta waya, domin yana da amfani. Tun lokacin annobar korona a 2020 wannan hanya ta bazu a duniya, kuma binciken masana ya nuna cewa ga damuwa da fargaba marasa tsanani, tattaunawa ta bidiyo tana iya yin aiki kusan daidai da zaman ɗaki ɗaya. Ga malamin makaranta da aka tura wani ƙauye a bayan Tanut, ko ɗalibin Jami'ar Andre Salifu da ba ya son abokansa su gan shi a asibiti, wannan babbar rahama ce. To amma waɗanda aka yi binciken a kansu galibi mutane ne masu ɗakin kansu da ƙofar da ake kullewa. A gidanmu na gado, ɗakin da babu kowa a cikinsa sai dai ban-ɗaki. Wayar mace da yawa ba tata ba ce ita kaɗai: miji ne ya saya, shi ke sa mata kati, yara suna kallo da ita, kishiya tana jiyo murya ta katanga. Zaman farko da ƙanwata ta yi, rabin lokacin ta kwashe tana magana ƙasa-ƙasa tana leƙen labule, sauran rabin kuma layin yana yankewa, har sau uku ta maimaita jimlar da ta fi kowace yi mata nauyin faɗa. Duk wanda ya tuna yadda muka sha duhu bayan an yanke wutar Najeriya a watan Agustan 2023 ya san cewa alƙawarin ƙarfe huɗu na yamma ya dogara ne ga cajin waya.

Ga kuma lissafin kuɗi. Zama ɗaya na yuro 50 da masani a Faransa ya kai kusan sefa 33,000, jika talatin da uku ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 42,000 a wata, alhali irin wannan magani ba ya ƙarewa a zama ɗaya, ana buƙatar makonni ana komawa. Sirrin da mutum ke gudun ya tonu a unguwa ma ba shi da tabbas a intanet: a 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai haɗa mutane da masana halayyar ɗan adam ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa bayanan masu neman taimako ga kamfanoni irin su Facebook domin talla. Ban ma ƙidaya masu sa farar riga a TikTok suna kiran kansu ƙwararru ba, waɗanda ke cewa a fara aiko kuɗi kafin a ji muryarsu. Wanda ya ƙi faɗa maka inda ya yi karatu da asibitin da yake aiki, rabu da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshe. Matar da muka samu ta intanet mutumiyar kirki ce, amma Faransanci take ji, ƙanwata kuwa Faransancinta na makaranta ne, na rubuta takarda da amsa jarabawa. Baƙin ciki ba ya zuwa wa Bahaushe da harshen aji. Mu kan ce ƙirjina ya yi nauyi, kaina yana zafi, wani abu yana yawo a jikina, zuciyata ta tsinke, kuma mai sauraren da bai tashi cikin wannan magana ba zai iya ɗauka ciwon ciki ake nufi, ko ya ɗauka wani abu ne mafi muni. Da ƙanwata ta ce ba za ta iya faɗa wa uwar mijinta cewa ta gaji ba, sai aka shawarce ta da ta zaunar da tsohuwar ta shata mata iyaka. Shawara ce da wataƙila ta dace da Paris. A nan kuwa hanyar yaji ce, in ma ba saki ba. Wanda ya san kunya da kara, ya san abin da ake nufi da haƙuri da irin nauyin da ake ɗora wa mace da wannan kalma, shi ne zai iya nemo mata mafitar da ba za ta rushe gidanta ba.

Akwai kuma abin da ido ne kaɗai ke kama shi. Ranar da muka daure muka je asibiti, ma'aikacin jinyar bai fara da tambayar tunaninta ba. Ya dubi tafin hannunta da cikin idonta, ya auna ta, ya tura ta gwajin jini, aka tarar jininta ya yi ƙasa sosai, abin da ke ƙara kasala da bugun zuciya a kan damuwar da take ciki. Ciwon maƙoƙo ma yana iya yin kama da damuwa ko fargaba, haka nan saurayin da ke shan tiramol ba zai faɗa a waya ba, amma mai gani zai lura da rawar hannunsa. Wanda ke maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyin da babu su, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba yana surutai, wannan ba na jiran alƙawarin bidiyo ba ne, a kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Na kan tuna da likitan nan na Najeriya, Thomas Adeoye Lambo, wanda tun 1954 a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan uwansu, saboda ya fahimci cewa a wurinmu dangi suna cikin maganin. Inna da ta fi kowa ƙin zuwa asibiti ita ce daga baya take ƙidaya wa ƙanwata ƙwayoyinta, bayan ma'aikacin ya zauna da ita ya yi mata bayani da Hausa cewa maganin ya kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma bai hana ta ci gaba da addu'arta ba.

Ra'ayina ke nan ga masu tambayata: zaman farko a yi shi ido da ido, ko da za a rufe fuska da mayafi a tafi da sassafe, sa'an nan a roƙi wanda ya gan ka ya yarda a riƙa ci gaba ta waya tsakanin ziyara da ziyara. Haka muke yi yanzu. Ƙanwata tana zuwa sau ɗaya a wata, sauran makonnin kuma ranar Laraba bayan la'asar ta kan zo gidana, matata ta kwashe yara su tafi maƙwabta, ni in ɗauki jaririn in zauna a zaure, ita kuma ta shiga ɗakina ta tura ƙofa ta kira ma'aikacin jinyar.