Gwajin kwamfaila na jan jiki? Auna tukuna mana

Abun da ke ba ni haushi da mu masu rubuta kod shi ne, da zarar gwaje-gwajen kwamfaila, wato shirin da ke fassara kod zuwa harshen da kwamfuta ke ganewa, sun fara cin lokaci sai kowa ya koma boka. Wannan ya ce RAM ce ta yi kaɗan, wancan ya ce a sayo babbar kwamfuta, wani ma ya ce a goge rabin gwajin kawai tunda wai ba sa kama komai. Ba mai tsayawa ya auna.

Mu ɗauki LLVM, babban aikin haɗa kwamfailoli, gidan da Clang, kwamfailar C da C++, ya fito. Gwaje-gwajensu dubbai ne bila adadin, wani ɗan shiri da aka rubuta da Python mai suna lit ke tafiyar da su. Buɗe fayil ɗaya ka gani, yawanci 'yan layuka ne, a sama akwai layin RUN da ke cewa a kira clang ko wasu shirye-shiryen LLVM irin su opt da llc, abun da ya fito a miƙa wa FileCheck ya duba ko ya yi daidai. To ka ga kenan kowane ɗan gwaji sai an tada shiri biyu ko uku tun daga tushe, a loda ƙaton fayil, a haɗa laburare, wato guntayen kod da shirin ke dogara da su, ita kuwa fassarar da ake ta zagi kafin ka kifta ido an gama ta. Shi yasa a Windows abun ya fi ciwo, tada sabon shiri a can ya fi tsada, ga antibairos na leƙa duk fayil ɗin da aka taɓa.

Kuma wallahi aunawar ba wuya, ka ƙara --time-tests wa lit, in ya gama zai jero maka waɗanda suka fi daɗewa. A nan ne za ka ga wasu 'yan tsiraru sun yi wa sauran fintinkau. In aka yi rashin sa'a irin wannan gwajin ya faɗo a ƙarshen layi, kamar gayya ce a gona, kowa ya gama kunyarsa ya zauna a inuwa ana jiran mutum ɗaya da aka ba kunya mafi tsawo kuma shi ya zo a makare. Kwamfutarka mai ƙwaƙwalwa 32, wato core 32 da lit ke raba wa gwaje-gwaje su yi a lokaci guda, sai ɗaya ke aiki. A 2021 aka koya wa lit ya riƙa ajiye lokacin kowane gwaji a fayil ɗin .lit_test_times.txt, in an sake gudu ya fara da masu nauyin. Ko layi ɗaya na kwamfailar ba a taɓa ba, amma jira ya ragu.

Sai ka ware masu nauyin sannan ka shiga ciki da perf, kayan auna inda shiri ke cin lokaci, ko -ftime-trace da ya zo da Clang 9 a 2019, ka ga wane mataki ke shan lokacin. Tun 1967 Gene Amdahl ya yi wannan lissafin, abun da ke cin kashi 10 cikin ɗari ko ka shafe shi gaba ɗaya kashi 10 ɗin nan kawai ka samu.

Sannan dan Allah in za ka kawo lambobi ka faɗi irin ginin da ka auna. Kwamfailar da aka gina a Debug, wato ginin farautar kurakurai, tafiyar hawainiya take yi, in ka jera ta da ta Release, wato ginin da aka gyara don sauri, ka ce ka gano matsala, to ba abu ɗaya ka auna ba.